Canza katin girafik a laftof ɗin aiki, da yadda za ka rage masa cin wuta

A bidiyon wannan makon na ambaci lambobi da sunayen katuna da sauri, kuma na san ba kowa ne zai iya tsayar da bidiyo yana kwafewa ba. To ga su nan a rubuce, har da abubuwan da lokaci bai bar ni na yi bayaninsu ba.

Tambayar da ta fi zuwa mini ita ce: "Yallabai, zan iya cire katin girafik na laftof ɗina in sa babba?" Ga yawancin laftof amsar ita ce a'a. An like katin ne da dalma a jikin madabod, ba abin da za ka kwance. Amma akwai wani rukuni na manyan injinan aiki, irin waɗanda kamfanonin zane da injiniyoyi suke saya, da aka ƙera su daban. Kamfanoni a nan Ingila suna sauke su bayan 'yan shekaru, su cika eBay, wasu kuma su bi jirgin ruwa har Tip Toe Lane a Akara. Masu irin waɗannan injinan nake wa magana yau.

Mene ne MXM?

A 2004 Nvidia ta fito da wani tsari mai suna MXM. Katin girafik ne ɗan ƙarami da ake zurawa a soket, a ɗaure da noti biyu, kusan yadda ake sa RAM. Wanda ya shafe mu shi ne MXM 3.0, kuma girmansa iri biyu ne. Type A yana da milimita 82 a 70, shi ake samu a injina masu allon inci 15, kuma yawanci bai wuce wat 55 ba. Type B yana da milimita 82 a 105, na masu inci 17 ne, yana kaiwa wat 100. Bakin soket ɗin iri ɗaya ne, don haka ƙaramin kati zai shiga gurbin babba, amma babba ba zai sami wurin kwanciya a gurbin ƙarami ba.

A ɓangaren Dell, Precision M4800, 7510 da 7520 suna ɗaukar Type A. M6800, 7710 da 7720 suna ɗaukar Type B. Daga 7530 da 7730 na 2018 Dell ta bar MXM ta koma nata tsarin mai suna DGFF, wanda katin wani kamfani ba ya shiga. HP ma tana da MXM a tsofaffin ZBook 15 da ZBook 17. A Lenovo kuwa ku yi hattara: ThinkPad P70 da P71 suna da shi, amma P50 a like yake. Mutane da yawa suna ganin harafin P su ɗauka duk ɗaya ne.

Me za ka samu in ka canza?

Bari mu ɗauki M4800, tunda ita na buɗe a bidiyon, kuma ita ta fi yawa a hannun 'yan uwa. Ta fito a 2013 da ɗaya daga cikin katuna uku: Quadro K1100M, Quadro K2100M, ko FirePro M5100 na AMD. Babban cikinsu a ɓangaren Nvidia, K2100M, yana da ƙwayoyin CUDA 576 da ma'ajiya 2GB, yana cin wat 55.

Yanzu ka dubi Quadro M2200 da ke zuwa a Precision 7520. Ƙwayoyin CUDA 1024, ma'ajiya 4GB, wat 55 ɗin dai. Wato zafin da zai fitar daidai yake da wanda aka ƙera injin ya ɗauka, amma aikin ya ninka har da ɗoriya. Irin wannan canjin nake so: ƙarfi ya ƙaru, nauyin da ke kan fanka da caja bai ƙaru ba.

Akwai kuma M2000M, mai ƙwayoyi 640 da 4GB, wanda ya fi sauƙin samu kuma ya fi arha. In wasa ko AutoCAD kake yi, ya wadatar. Amma in kai mai tace bidiyo ne, tsaya ka ji wannan, don a nan ne mutane ke kuskuren saye. M2000M an gina shi a kan ƙwayar GM107, wadda na'urar matse bidiyo ta cikinta H.264 kawai ta iya. M2200 kuwa GM206 ce a cikinsa, ita ta iya HEVC, karantawa da rubutawa. Wayoyin yanzu, musamman iPhone, da HEVC suke ɗaukar bidiyo. In katinka bai iya karanta shi ba, aikin zai koma kan furosesa, shi ne za ka ga bidiyo yana tsalle-tsalle a Premiere ko DaVinci Resolve, fanka tana ihu. Sunayen biyu sun yi kama, dukkansu 'yan gidan Maxwell ne, amma ga mai editin bambancin babba ne.

Masu FirePro kuma ga wani dalili na daban. Tun Blender 3.0 da ta fito a ƙarshen 2021 aka cire OpenCL daga Cycles, don haka waɗannan tsofaffin katunan AMD ba sa iya renda a ciki sam.

A manyan injina masu inci 17 zaɓin ya fi faɗi. M6800 mai K3100M ko K4100M tana iya hawa zuwa Quadro M5000M ko GTX 980M, dukkansu masu ƙwayoyi 1536 da 8GB. A 7720 ana tashi daga P3000 mai 6GB zuwa P4000 mai 8GB, ko P5000 mai ƙwayoyi 2048 da 16GB. Sai dai lura: P3000 wat 75 ne, P4000 da P5000 wat 100. Ƙarin wat 25 a cikin akwati ɗaya ba wasa ba ne.

Kafin ka tura kuɗi

Maganar gaskiya ita ce sayen katin MXM cinikin biri a sama ne in ba ka yi bincike ba. Katin ya shiga soket ba ya nufin zai kawo hoto. Abu huɗu nake dubawa.

Na farko shi ne hanyar da hoto ke bi zuwa allo. Tsofaffin injina suna amfani da LVDS, sababbi eDP, kuma M4800 da M6800 an yi su da madabod iri biyu, wasu wannan wasu wancan. Katunan Pascal, wato masu harafin P, ba su san LVDS ba. Abin da ke ceton mutane shi ne Optimus, wanda a BIOS na Dell ake kira Switchable Graphics. In yana kunne, ƙaramin girafik na Intel da ke cikin furosesa shi ke riƙe da allon, babban katin yana yin lissafi ne kawai ya miƙa masa. In yana kashe, katin ne zai tura hoto kai tsaye, in kuma harshensu bai zo ɗaya da allon ba sai duhu. Saboda haka ka shiga BIOS ka kunna shi tun tsohon katin yana ciki. In ka jira sai bayan ka canza, da wane ido za ka ga BIOS ɗin? M4800 ta farko mai allon 3200 a 1800 ba ta da Optimus, masu ita su yi taka-tsantsan ninki biyu.

Na biyu vBIOS, wato ɗan ƙaramin shirin da ke gabatar da katin ga kwamfuta. Katunan Dell suna ɗauke da nasu a wata 'yar ƙwaya mai ƙafa takwas a jikin katin. Wasu katunan HP kuwa ba su da wannan ƙwayar, domin HP tana ajiye shirin ne a cikin BIOS na laftof ɗin kanta. In ka sayi irin wannan ka sa a Dell, ba zai tashi ba. Ana iya gyarawa, a lika ƙwayar a rubuta mata shiri da na'urar CH341A, amma wannan aikin mai hannu ne sosai. Ka nemi mai sayarwa ya turo maka hoton katin gaba da baya, ka tambaye shi daga wace injin aka ciro shi. In ya fara kame-kame, bar shi. Mai Dell ya nemi katin da aka ciro daga Dell, shi ke nan.

Na uku ƙarfen sanyaya da ƙarfen baya. A bayan kowane kati akwai wani ƙarfe mai siffar X wanda notunan ƙarfen sanyaya ke shiga. Tsayinsa da zaren notinsa sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka sau da yawa sai ka ɓamɓare na tsohon katinka ka mayar a sabon. An like shi da gam, ka ɗan hura masa iska mai ɗumi ka ɗaga a hankali da abin roba. Kada ka sa bakin sukudireba, akwai ƙananan kayan wuta a wajen da ko ido da kyar yake ganinsu. M4800 kuma tana da ƙarfen sanyaya daban na Nvidia, daban na AMD. In daga FirePro kake tahowa, ka nemi na Nvidia tare da katin.

Na huɗu caja. M4800 tana son mai wat 180, M6800 mai wat 240, dukkansu bolt 19.5. A tsakiyar bakin cajar Dell akwai wata siririyar allura da ke faɗa wa injin ƙarfin cajar. In cajar jabu ce, ko allurar ta lanƙwashe, injin zai ce bai gane ta ba, ya ƙi caja batir, ya kuma danne gudun furosesa. Sai mutum ya yi ta zargin sabon kati alhali caja ce. Shiga BIOS ka duba inda aka rubuta AC Adapter. In ka ga Unknown, fara da can.

Aikin kansa

Wannan bidiyo ya fi nuna shi, don haka ba zan daɗe ba. Cire caja, cire batir, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita. Dell tana da littafin gyara na kowace injin kyauta a shafinta, bi shi mataki-mataki, kana ɗaukar hoto da waya.

Abu ɗaya da zan jaddada shi ne 'yan faifan roba masu ɗaukar zafi da ke zama a kan ƙwayoyin ma'ajiya da na wuta. Kaurinsu ya bambanta, akwai rabin milimita, akwai 1, akwai 1.5. In ka sa mai kauri da yawa, zai ɗaga ƙarfen sanyaya ya hana shi taɓa babbar ƙwayar da kyau, sai ka kunna ka ga zafi ya haura 90 cikin daƙiƙa goma. Dabarar ita ce ka shafa man zafi, ka ɗaure, ka sake kwancewa ka duba. In man ya bazu ko'ina siriri, ya zauna. In wani gefe bai taɓu ba, akwai abin da ya tokare. Goge ka sa sabo kafin ɗaurin ƙarshe.

Sai direba. Kafin ka cire tsohon kati, share direbansa da DDU. Bayan ka sa sabo, akwai yiwuwar shirin Nvidia ya ce bai ga katin da ya dace ba. Kada hankalinka ya tashi. Direban yana duba lambar katin haɗe da lambar laftof ɗin, kuma tunda Dell ba ta taɓa sayar da M4800 mai M2200 ba, wannan haɗin babu shi a jerinsa. NVCleanstall na TechPowerUp yana da wurin da za ka ƙara naka haɗin, ya shirya maka direban. A Linux ba a ma cika samun wannan matsalar ba.

Rage cin wuta

Wannan ɓangaren ya shafi kowa, har wanda ba zai taɓa canza kati ba, kuma ni a ganina ya fi canjin katin muhimmanci. Kyauta ne ma.

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakinka take turawa ta cikin ƙarfe. In injin yana kaiwa digiri 85 a ɗaki mai digiri 20 a nan Manchesta, fanka tana iyakar gudunta, to a ɗaki mai digiri 38 a Jidda ko Njamena ƙarin 18 ɗin nan zai hau kai. Furosesan Intel na waɗannan injinan kuwa a digiri 100 yake rage gudu don ya kare kansa. Shi ya sa gwajin da Bature ya yi a ɗakinsa ba lallai ya zama naka ba. Kai da ke wurin zafi, kowane wat da ka rage riba ce.

Ga lissafin. Wutar da ƙwaya ke ci tana tafiya ne da gudunta sau bolt sau bolt. Bolt ɗin sau biyu yake shiga. In ka sauke shi daga 1.10 zuwa 1.00, ka rage kusan kashi 9 cikin ɗari, amma cin wutar zai sauka da kusan kashi 17, gudu kuma yana nan yadda yake. Me ya sa hakan ke yiwuwa? Domin Intel tana ba kowane furosesa bolt fiye da buƙatarsa, don ko mafi raunin da ya fito daga masana'anta ya yi aiki lafiya. Wannan rarar muke karɓewa.

Manhajar da nake amfani da ita ThrottleStop ce. Buɗe ta, shiga FIVR, zaɓi CPU Core, sa alama a Unlock Adjustable Voltage, ka ja Offset Voltage zuwa ƙasa. Ka yi haka a CPU Cache ma. Fara da milibolt 50 ƙasa da sifili, ka gwada, ka ƙara 10, ka sake gwadawa. 'Yan ƙarni na huɗu irin i7-4800MQ ba sa jure ragi mai yawa, tawa a 70 ta zauna. 'Yan ƙarni na shida da na bakwai sukan kai 100 ko su ɗan wuce. Kada ka kwafi lambar wani, ko da injinku iri ɗaya ne, kowace ƙwaya da halinta.

Gwaji kuma ba minti biyu ba ne. Kunna Cinebench R23 ya yi zagayen minti goma, HWiNFO64 yana buɗe kana kallon zafi da gudu. Sannan, abin da mutane ke mantawa, bar injin ya zauna ba ya komai, ka cire caja, ka rufe murfi ka buɗe. Ragin da ya yi yawa ya fi kayar da injin lokacin da yake hutawa, don a lokacin bolt ɗin dama yana ƙasa. In shuɗin allo ya fito, koma baya da 10 ko 20. Ragin bolt ba ya ƙona komai, amma yana iya kashe maka injin a tsakiyar renda, don haka kada ka yi gwaji ranar da za ka miƙa aikin mutane.

In ka ja lambar ka ga ba abin da ya canza, abu biyu ne. A Disamba 2019 masu bincike suka bayyana wata kafar tsaro mai suna Plundervolt, wadda ke amfani da ragin bolt wajen fasa kariyar SGX ta Intel. Daga nan kamfanoni suka riƙa kulle wannan ƙofar ta sabunta BIOS, daga ƙarni na shida zuwa sama. M4800 da M6800 ba su da SGX, su abin bai taɓa su ba. Wasu suna komawa tsohon BIOS don su buɗe, amma ka sani kana zubar da sauran gyare-gyaren tsaro da suka zo tare, ni ba zan yi haka a injin da nake shiga banki da shi ba. Na biyun kuwa Windows ce da kanta: in Memory Integrity ko Hyper-V na kunne, ThrottleStop ba ta isa wurin da take rubuta bolt.

Ko an kulle maka bolt, da sauran hanya. A TPL akwai PL1 da PL2. PL1 shi ne wat ɗin da furosesa zai riƙe na dogon lokaci, PL2 na ɗan gajeren tsalle. i7-4800MQ wat 47 ne, i7-7820HQ wat 45. In ka sauke PL1 zuwa 35, gudun da za ka rasa bai kai yawan wutar da ka rage ba, saboda matakan gudu na can sama su ne mafi tsadar bolt. Kuma injin da ke tafiya daidai a gudu ɗaya ya fi daɗin aiki a kan wanda ke tashi sama, ya bugi digiri 100, ya faɗo, ya sake tashi. Daga ƙarni na shida akwai Speed Shift EPP, lamba daga 0 zuwa 255: 0 iyakar gudu, 255 iyakar tsimi. Ni 80 nake sawa a kan caja, 180 a kan batir. Wanda ba ya son wata manhaja ma, ya shiga saitin wuta na Windows ya mayar da Maximum processor state 99 maimakon 100, Turbo zai mutu gaba ɗaya. Ga 'yan uwa na Kumasi da ke lallaɓa batir ko inbata ranar dumsor, wannan kaɗai yana ƙara lokaci.

Ɓangaren katin girafik ya fi tsauri. A katunan GeForce daga Pascal zuwa sama, MSI Afterburner tana da jadawalin bolt da gudu, Ctrl da F ke buɗe shi, ka zaɓi bolt ɗin da kake so ka miƙar da layin daga nan. Quadro na laftof kuwa galibi a kulle suke. Na Maxwell sai an gyara vBIOS da Maxwell BIOS Tweaker an rubuta da nvflash, kuma in rubutun ya lalace katin ba zai tashi ba sai da CH341A. In za ka shiga nan, fara ajiye kwafin asali da GPU-Z a wuri biyu. Ga yawancinku shawarata mai sauƙi ce: a Nvidia Control Panel akwai Max Frame Rate, sa shi 60. Allon waɗannan injinan sau 60 yake sabunta hoto a daƙiƙa, duk abin da katin ya zana sama da haka zafi ne kawai. Ka kuma duba layin PerfCap Reason a GPU-Z yayin aiki. Pwr na nufin iyakar wat ce ta tsayar da shi, wannan daidai ne. Thrm na nufin zafi, koma ka duba man zafi da ƙurar fanka.

Shin ya cancanci kuɗin?

In injin yana hannunka, allon da madabod lafiya, ka sami M2000M ko M2200 a farashi mai sauƙi, e, yi. Amma in yanzu za ka sayi M4800 don ka zo ka canza mata kati, ni ban goyi baya ba. Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, furosesan ƙarni na huɗu kuma ba ya cikin jerin da Windows 11 ta amince da su. Nvidia ma ta sanar cewa jerin direba na 580 shi ne na ƙarshe ga Maxwell da Pascal. Injin zai ci gaba da aiki, musamman a Linux, amma manhajoji za su riƙa barinsa a baya ɗaya bayan ɗaya. Tara kuɗin injin, da na kati, da na ƙarfen sanyaya, da na aike, ka kwatanta da farashin 7530 ko 7540 na hannu. P5000 musamman, sau da yawa farashinsa shi kaɗai ya isa ya sa ka sake tunani.

Wanda yake son laftof sabo da ake canza wa kati, Framework Laptop 16 ce ke yin wannan a yanzu, katin nata ta baya ake zaro shi. Zan yi mata bidiyonta daban.

Abu na ƙarshe a kan ThrottleStop: ragin bolt ba ya zama dindindin, in ka kashe injin gaba ɗaya yakan koma yadda yake. Bayan lambarka ta yi kwana biyu ko uku ba matsala, sai ka zaɓi Save voltages immediately a FIVR, ka sa manhajar a Task Scheduler ta riƙa tashi da zarar ka shiga Windows. In wata rana ka wuce gona da iri har injin yana faɗuwa da ka shiga, tashe shi a Safe Mode, ka goge fayil ɗin ThrottleStop.ini da ke cikin jakar manhajar, ka kashe injin gaba ɗaya ka sake kunnawa.